Hannun da Baba Ya Ɗaure

Lahadi, bayan azahar

Yau ma bai ci ba.

Yaya Sadiyya ta tuƙa masa tuwon shinkafa mai laushi, miyar kuka har da man shanu, ta tura masa ɗan teburin nan gaban gado. Baba ya dubi kwanon, ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa kamar na aro, ya mai da fuskarsa bango. Na hagun kuwa lafiyarsa ƙalau. Da shi yake jan bargo, da shi yake nuna mana ƙofa in ya gaji da ganinmu. Amma loma, a'a. Ya ce tun da aka yaye shi bai taɓa kai hagu bakinsa ba, ba kuma da furfura zai fara ba. In Yaya ta ba shi a baki, sai ya karɓi cokali biyu ya datse haƙora, wai shi ba jinjiri ba ne.

To ya za a yi da mutum irin wannan?

Tun da aka kira ni a kan abin da ya same shi a shago na dawo unguwarmu Waziriyya, a Jidda. Ba na son rubuta sunan abin. Yana auna wa wata mata shadda a kasuwar Bab Makka almakashi ya suɓuce masa, ɓari guda na jikinsa ya tafi, shi ke nan. Ni da aka haifa a layin nan, da bizar ziyara na shigo, ina bin layin baƙi a filin jirgi.

Da Hausa nake rubutun nan don Yaya ba ta iya karanta ta ba. Ji take yi, ta amsa maka da Larabci.

Litinin, da hantsi

Abokina Mazen ya kira. Tun muna yara shi yake tsugunawa da safar fata yana cafe min ƙwallo, yanzu ya yi tumbi ya zama mai horar da 'yan besbol, amma bakinsa bai canza ba. Ya ce wata sabuwar ƙungiya za ta yi gwajin 'yan wasa a Dubai ƙarshen watan nan, kuma bahago suke nema ido rufe. Ya riga ya ba da sunana. Bai ma tambaye ni ba, ɗan rainin wayo.

Abin dariya ne wallahi. A gidanmu bahago abin gyara ne. A wasanmu kuwa, in kana jifa da hagu, ko ka fara tsufa sai an waiwaye ka. Aikin nawa ke nan tun tasowata: in hau ɗan tudun nan na tsakiyar fili, in jefa ƙwallo yadda mai riƙe da sanda ba zai same ta ba. Shi kaɗai na iya.

Mazen bai ɓoye min ba. Ya ce, “Ya akhi, tun da 'yan Meksiko suka sallame ka ba wanda ya ƙara nemanka. Wannan ce ta ƙarshe, ka sani na sani.”

Na ce masa ba inda zan je sai Baba ya fara cin abinci da kansa. Ya ce tayyib, gaskiyata ce, amma ko ba komai in zo fili ran Juma'a bayan la'asar in warware hannu. Na ce in sha Allahu.

Na kasa zama bayan wayar. Na shiga kicin, na fito, na hau soro, zafi ya koro ni.

Talata, bayan magariba

Dabino ɗaya da rabin kofin kunu, shi ma sai da Yaya ta yi kuka.

Laraba, bayan la'asar

Yaya tana mita wai ƙanƙara ba ta kwana a firji tun da na zo. Na ce zafin Jidda ne, na manta shi.

Ina kallon Baba yana harar kwano sai na tuna ƙyallen nan. Ragowar atamfa ce shuɗiya, a aljihunsa take zama. Da an ajiye abinci zai ce, “Muniru, juyo,” ya kama hannuna na hagu ya ɗaure shi a bayana da ƙugu. Ba duka, ba faɗa. Ɗauri ne kawai, mai kyau, irin na mutumin da ya saba ɗaure dila. In ci da dama, miya tana bin gwiwar hannuna, Yaya tana ƙunshe dariya. Haka na koyi ci, na koyi gaisuwa, na koyi karɓa da miƙawa. Wannan rubutun ma da dama nake yin sa.

Abu ɗaya ya manta bai hana hagu ba, shi ne jifa. Yana da ɗan sito a unguwar Khumra inda yake tara dilolin yadi, in ya je lissafi da masu lodi sai in zagaya baya in jera gwangwanaye a kan katanga. Wani ɗan Benezuwela mai gyaran injin sanyi a siton kusa ya tsaya yana kallona wata rana, sigari a baki. Ya matsar da ni baya, na kaɗe gwangwani. Ya ƙara matsar da ni, na kaɗe. Sai ya yar da sigarin. Shi ya kai ni filin Turawa da ke cikin katangar gidajensu, nan na fara ganin ƙwallon da ɗinkinta ja, nan na haɗu da Mazen.

Baba bai hana ni ba, bai kuma taɓa zuwa ba. Ko sau ɗaya.

Juma'a, bayan la'asar

Ban je ba. Na aika wa Mazen saƙo cewa jikin Baba ne.

Baba kuwa barci yake yi. Na ɗauko jakata daga ƙarƙashin gado, na fito da safar fatata ta wasa, na shafa mata mai, na mayar. Na sake fitowa da ita. Na taka har bakin titi na sayo burodin tamis da waken ful da ba wanda ya aike ni, na dawo ya huce a leda.

Asabar, da hantsi

Kawu Souleymane ya zo dubiya. Tare suka baro Damagaram da Baba suna samari, shi kaɗai yake iya gaya masa magana kai tsaye. Ya zauna a bakin gado ya yi ta jawo masa bayani: lalura ce, Alhaji, addini bai ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba, malamai duk sun yi magana. Baba ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce da rabin bakin nan nasa, shi ma ya je makaranta, ya san ya halatta. Ba haramci ne ya hana shi ba.

Kawu ya ce to mene ne?

Baba ni ya kalla, kallo ɗaya, ya rufe ido.

Da na raka Kawu ƙofa ya ce min mahaifina kunya ce za ta kashe shi, ba ciwo ba. Ban gane kunyar wa yake ji ba. Ko kuma na gane.

Litinin, bayan azahar

Na buɗe shago yau don kada kaya su yi ƙura. Bab Makka tana nan yadda na bar ta, ƙanshin turare da na soyayyen kifi, masu kura suna yalla yalla. Maƙwabta suka yi ta leƙowa, a tambayi jikin Alhaji, sannan a tambaye ni wai har yanzu ina wasan jifan nan? Wani ɗan Chadi mai sai da hula ya ce shi a zatonsa na zama attajiri a Amurka.

Amurka! Ban taɓa taka ta ba. Daga filin Turawa makarantar horo na tafi a wani tsibiri da ba mai jin ko salamu alaikum. Daga nan Italiya, inda muke wasa Asabar da Lahadi, sauran kwanaki in wanke motoci. Daga nan wata ƙaramar ƙungiya a ƙauyen Japan, muna kwana a ɗaki ɗaya da masu cafe ƙwallo, tsofaffin garin suna kawo mana lemo da shinkafa. Can na fi jin daɗi. Akwai wata rana da hannuna ya yi min biyayya tun daga farko har ƙarshe, duk wanda ya ɗauki sanda ya koma ya zauna, tsofaffin nan suka miƙe suna kiran sunana a karkace. Na kira gida da murna, Baba ya ce madalla, na yi sallah kuwa? Sai Meksiko, doguwar tafiya a bas, da wasan ƙarshe.

Ba zan rubuta wasan ƙarshe ba.

Wata hajiya ta sayi yadi. Na ɗan yanka bakinsa da almakashi na ja, yadda Baba yake yi, ya tsage fyat. Sai da na zauna a kan dila. Hajiyar ta ce lafiya, ɗana? Na ce ban karya ba ne.

Laraba, da asuba

Bai ci ba. Ban je ba. Mazen ya kira, ban ɗauka ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ya zo har gida, mara kunya, da kwalin dabino a hannu. Ya sumbaci kan Baba, ya ce salamtak ya ammi, wato sannu da jiki kawu, ya zauna kamar gidansu. Ina ta yi masa ido, ya ƙi kallona.

Baba ya ɗan sake da shi. Har ya yi masa tsohuwar tsokanarsa, wai shi jifa ɗaya ya sani, na Mina, shekara sau ɗaya, shi ma da dama ake yi. Mazen ya yi dariya har da buga cinya. Daga nan sai ya kwance min zani a kasuwa: ya gaya wa Baba zancen Dubai, ya ce dama ce da ba za ta dawo ba, ya ce Munir ya rantse ba zai tafi ba sai ammi ya ci abinci da hannunsa, irin wannan ɗa sai a gode wa Allah.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Baba ya bi ni da ido ina tattara kofuna, ina ɗaukar tire, har na fita.

A ƙofa na ce wa Mazen wa ya aike shi? Ya ce ba wanda ya aike shi, ya gaji da tsugunawa a fili shi kaɗai ne.

Asabar, bayan azahar

Likita ya zo. Ya auna shi, ya ja Yaya gefe, amma na ji. In aka ƙara 'yan kwanaki a haka, sai an mai da shi asibiti an zura masa roba ta hanci.

Raina ya ɓaci, na shiga na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗaga wa Baba murya. Na ce ni da ƙyalle aka ɗaure ni na koyi dama ina ɗan ƙarami, ban mutu ba, shi me zai hana shi koyon hagu? Na ce yana kashe kansa, yana kashe Yaya, yana kuma tsare ni a nan.

Wannan ta ƙarshen ita ta fi min ciwo, don na san yadda take.

Yaya ta ce halas, Munir, ya isa, ta tura ni waje. Na yi ta tafiya har unguwar Kilo Bakwai a ƙafa cikin ranar nan. Ina jin kunya. Ina jin tsoro kuma.

Lahadi, da hantsi

Na ba shi haƙuri. Ya ɗaga min hannu, na hagun.

Litinin, bayan azahar

Bari in rubuta shi yadda ya faru.

Na kai shi banɗaki na dawo da shi, na gyara masa filo. Na sunkuya zan kawar da takalmansa sai ya ce in tsaya. Maganarsa a hankali take fita yanzu, sai ka matso.

“Da wane hannu ka ɗauki takalmin nan?”

Na duba. Dama.

Ya ce shi ya koya min hannu, ya san abin da ya ba kowanne. Takalmi na hagu ne. Shara ta hagu ce. Tun da na zo yana kallona, ko tsinke ban ɗaga da hagu ba, in zan tashe shi ma da dama nake tallabarsa, na hagun yana manne da ciki kamar mai jego da jariri. Ya ce ƙanƙarar Sadiyya ma ya san inda take zuwa.

“Muniru, ba ni na tsare ka ba. Ɓuya ka zo yi a bayana.”

Sai na ji bakina yana gaya masa abin da ban gaya wa Mazen ba, ban gaya wa likitan ƙungiya ba, ban rubuta a nan ba. A wasan ƙarshe na ji wani abu ya tsage a gwiwar hannuna, ƙarar yadi in an ja shi. Tun ranar ban yi jifa da ƙarfi ba. Muddin ban jefa ba, ni mai jifa ne har yanzu.

Sai Baba ya ce in kira Sadiyya ta kawo tuwon.

Ta kawo. Ya ce a wanke masa hannu. Ta kama na dama, ya ce ba shi ba. Ya yi bismilla, ya gutsura, lomar ta faɗi a kan zanin gado. Ya sake, miya ta bi masa gemu. Ta uku ta shiga. Ya ci kusan rabin malmala, yana haki, ba wanda ya yi motsi a ɗakin.

Da ya gama ya dube ni ya ce, “To, na ci. Sai ka nemi wani dalilin.”

Laraba, bayan magariba

Yana ci. Yana ɓata riga, yana faɗa da cokali, amma yana ci. Ni ne na kasa.

Na kira Mazen na ce Juma'a, amma ba a filinsu ba. Baba ya ce a Khumra yake so, kuma da shi za a je.

Juma'a, bayan magariba

Mun je a motar Mazen, keken Baba a but. Siton yanzu na wasu ne, amma katangar baya tana nan, har da hankaka a kanta. Muka ajiye Baba a inuwa, Yaya ta riƙe masa lema duk da haka. Mazen ya auna tazara da ƙafa, ya tsuguna yana nishi saboda tumbi, ya buga safarsa ya ce yalla.

Na fara a hankali. Ba komai. Na ƙara kaɗan, ƙwallon ta shiga safar da ƙarar nan da na yi kewa, tas. Na ji Baba ya ce wa Yaya, ashe haka take gudu? Shekara da shekaru ina jiran mutumin nan ya ga wannan.

Mazen ya ce in sake ta gaba ɗaya, irin wadda za su so gani a Dubai.

Na ɗaga ƙafa, na saki.

Ƙwallon ta bugi ƙasa tun kafin ta kai rabi, ta gangara gindin katanga. Ni kuma na tsinci kaina a durƙushe, na rungume hannun, yatsuna biyu ba na jin su. Ba wanda ya yi ihu. Mazen ya cire safarsa ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Na ce masa ya cire sunana daga gwajin Dubai. Ya ce akwai aiki da likitoci suke yi, mutane suna dawowa bayan shekara. Na ce na sani. Shi ma ya san shekaruna.

Baba ya ce a turo shi. Yaya ta turo keken har inda nake. Ya ce ta ciro ƙanƙara daga kular ruwa, ta juye a leda. Sannan ya sa hannu a aljihun jallabiyarsa, da ƙyar, ya jawo ƙyalle. Ba shuɗin nan ba ne, wancan ya daɗe da mutuwa. Sabo ne, ashe tun jiya ya sa Yaya ta yanko masa.

Ya ce, “Muniru, juyo.”

Na juya. Ya ɗora ledar a gwiwar hannuna, ya yi tofi, ya naɗa ƙyallen da hagunsa, yana zamewa yana sakewa. Da ya zo ƙulli sai ya tsaya. Hannu ɗaya ba ya ƙulli. Ya gwada da haƙori, bakin bai ba shi haɗin kai ba. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na haushi ne ko na mene ne ban sani ba.

Sai na kama ɗaya bakin ƙyallen da damata. Shi ya ja nasa, ni na ja nawa.

Ya taɓa ƙullin ya ce bai yi kyau ba, amma zai riƙe.

Asabar, da hantsi

Gobe Mazen zai kai ni asibiti a ɗauki hoton hannun. Safar tana kan gado, ban mai da ita jaka ba, ban kuma san abin da zan yi da ita ba.

Mun karya tare, ni da Baba, kwano ɗaya. Tamis ba ya gutsuruwa da hannu ɗaya, sai na danne masa gefe ya ja, shi ma ya danne min.